Kilo Ɗaya a Kunamar Sabz Ali

Sabz Ali maƙerin bindiga, Allah ya jiƙansa, ba mutum ba ne mai daɗin zama, kuma ko matarsa Shaperai ba ta yi masa wannan shaidar ba ranar da aka kai shi makwancinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa a haɗe, yatsunsa baƙi ƙirin da man ƙarfe wanda alwalar shekara hamsin ba ta fitar ba. Ba ya fashin jam'i, ba ya cin haƙƙin kowa, amma in ka ce masa sannu da aiki sai ya dube ka kamar ka zo aron magagarinsa. A layin maƙeran garin Darra, can cikin duwatsu kusa da birnin Peshawar, abu biyu aka san shi da su: kunamar bindiga mai laushi, da ƙin ɗan baffansa Tor Gul.

Sabz Ali na ɗan shekara tara aka zaunar da shi gaban kakansu, Ustaz Mirbaz. Tsohon ba ya koyarwa da baki. In an gama libarba sai a miƙa masa, ya rufe ido, ya ɗora yatsa a kan kunama. In ta saki fuskarsa ba ta motsa ba, sai ya ɗauko hatiminsa, wani ɗan ƙarfe kamar yatsa mai zanen ƙahon rago, ya buga a jikin bindigar. In kuwa girarsa ta motsa, sai ya ajiye ta a ƙasa ya ci gaba da shan shayinsa. Magana ɗaya aka riƙe daga bakinsa: kunamar kirki ba a jan ta, niyya kawai ake yi mata. A duk layin ba wanda ya taɓa ɗora kunama a sikeli. Yatsa ne ma'auni, kuma maƙerin da ya nemi wani ma'auni bayan yatsansa ya faɗa wa duniya cewa bai iya ba.

Da tsohon ya rasu, manyan 'ya'yansa biyu suka raba shagon, suka ta da bango a tsakiya. Suka mutu ba sa ga-maciji, 'ya'yansu kuma suka gaji bangon da abin da ke bayansa. Sabz Ali a dama, Tor Gul a hagu, kowa na jin magagarin ɗan uwansa tun safe har la'asar. In Sabz Ali ya fito ƙofa ya gwada sabuwar bindiga da harbi uku a sama, kafin hayaƙin ya watse Tor Gul ya fito ya yi huɗu. Shi Tor Gul dogo ne, gemunsa ja da lalle, ga dariya ga zaƙin baki, mutane na son zama a shagonsa. Wannan ma Sabz Ali ya ƙara a cikin laifuffukansa.

Hatimin bai shiga rabo ba. Yana wajen autan tsohon, Haji Zarin, wanda bai yi ƙira ba kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Shekara da shekaru ƙahon rago bai hau bindigar kowa ba. Duk wanda ya samu hatimin nan shi ne magajin Ustaz Mirbaz a idon layi, ɗayan kuma ya zama maƙeri kawai kamar kowa.

Wata Juma'a bayan an sauko, Haji Zarin ya tara su a zaurensa gaban dattawan unguwa.

"Na gaji da ku," in ji shi. "Kowa ya zo gaishe ni, bakinsa na tambayar ƙafata, idonsa na kan akwatina. Akwai gasar harbi a Kohat bayan ƙaramar Salla. Kowa ya shiga da bindigar da ya ƙera da hannunsa. Wanda sunansa ya fi hawa a takardar sakamako, ya zo ya ɗauki ƙarfen nan in huta."

Tor Gul ya shafa gemu. Ya daɗe yana zuwa filin harbin Kohat saboda masu sayen kayansa a can suke taruwa.

"Baffa, ai an ƙware ni," ya ce. "Ɗan uwana gwani ne. Shekara talatin yana harbin sama, ban taɓa jin ya kuskure ta ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Sabz Ali ya jira har ta lafa.

"Kai da baki kake harbi, shi ya sa harsashinka ba ya ƙarewa."

"To mu haɗu a Kohat, Yaya. Ka zo da tsani, ko za su yarda su rataya maka takardar a gajimare."

Wata uku ya rage. Ranar Asabar Sabz Ali ya hau mota zuwa Kohat da mafi kyawun libarbarsa a ƙugu. Mai kula da filin wani tsohon soja ne, Saje Niamat, siriri, kurma a kunne ɗaya, ba ya ɗaga murya. Ya tsayar da shi taku talatin da wani abu daga takarda mai baƙin da'ira, ya ce hannu ɗaya, harbi goma. Sabz Ali ya zazzage goman kafin Saje ya gama zama. Da aka kawo takardar, huda uku ce a jikinta, duk a ƙasa ta hagu.

"Saitin ne ya karkace," in ji Sabz Ali, yana laluben abin kwance ƙusa a aljihu.

Saje ya karɓi bindigar, ya ɗora biyar a cikin baƙin, ya mayar masa.

"Bindigarka lafiyarta ƙalau, Ustaz. Mai ita ne ba shi da lafiya."

Sabz Ali ya ce daga baya, ba don hatimi ba da a ranar ya bar Kohat ke nan har abada. Saje ya juya baya ya loda masa bindigar da kansa, ya ɓoye harsashi ɗaya marar albarushi a ciki. Harbi na uku bindiga ta ce ƙyas, ba ta tashi ba, amma kowa ya ga bakinta ya duƙa ƙasa kamar kaza ta ga tsaba.

"Ka gani? Ba ƙarar ce ke ture hannunka ba. Kai ne kake fizgarta tun kafin ta yi magana. Kana jin haushin takardar ne?"

"Ina ruwana da takarda."

"To da wa kake faɗa?"

Sannan Saje ya ɗauko wani dunƙulen ƙarfe mai ƙugiya, ya ɗaga bakin bindigar sama, ya rataya ƙugiyar a kunama. Kafin ƙarfen ya bar tebur kunama ta saki.

"Wannan ba za ta shiga gasa ba. Dokarmu, sai kunama ta ɗaga kilo ɗaya ba ta saki ba."

"Kilo? Gari kuke awo a nan ko harbi? Mutane daga Peshawar suke zuwa neman wannan laushin."

"Su je su harbi sama da ita. A nan kilo ne. Ana aunawa mako guda kafin gasa, sannan a sake auna ta mutum ukun farko bayan an gama."

Haka Sabz Ali ya koma gida ya zauna ƙera bindigar da shi kansa yake jin kunyarta, mai kunama da gangan aka yi mata tauri. Ya rufe ƙofar shago yana yi, don kada wani ya taɓa.

Saje ya ba shi aiki na gida. Kullum bayan asuba ya tsaya a tsakar gida, ya miƙe hannun dama da jan bulo a tafi, ya kafe ido a wani ɗigon gawayi a bango. Shaperai na gasa gurasa tana kallonsa ta gefen ido.

"Malam, in ɗaukar kaya kake sha'awa, ga tulu can babu ruwa."

"Ki kula da wutarki."

Amma ita ce ta zama agogonsa. Tana jan carbi, shi yana riƙe da bulo. Makon farko hannunsa na rawa kafin ta kai talatin da uku. Da azumi ya zo tsakiya tana zagaye carbin sau biyu bulo bai motsa ba. Bayan bulo sai ya ɗora kwabo a bayan bindiga marar harsashi, ya matsa kunama a hankali. In kwabon ya faɗi ya sake. Ta ce a farko kwabon na faɗuwa sau arba'in kafin hantsi, kowace faɗuwa da zaginta, har ta daina barin taga a buɗe.

Sauran darussan a Kohat ya samo su, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai da ya yi gardama kafin ya karɓa. Cewa ido ba ya kallon takarda, saitin bakin bindiga yake kallo, a bar baƙin da'ira ya yi dishi-dishi can nesa. Cewa hannu ba zai taɓa daina ɗan yawo ba, wanda ya jira ya tsaya cak don ya fizga shi ne ke zubarwa. Cewa a ja numfashi, a saki rabi, a riƙe sauran. In hannu ya daɗe a sama zuciya ta fara cewa yi maza, a sauke bindiga a kan tebur a sake daga farko, ba abin kunya ba ne. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne na ƙarshe: harsashin da ya fita ya fita, kada a bi shi da rai, kuma kada a leƙa takardar na kusa.

"Takardarka ta ishe ka aiki, Ustaz," Saje kan ce masa. "Kai kunnenka ne ya fi hannunka rawa."

Shaperai ta lura da abin da shi bai lura ba. Ya rage saurin cin abinci. In kofi ya fashe ba ya ta da gida. Wata rana har ya ce miya ta yi daɗi, ta tsaya tana duban ko da wani yake. Sunan Tor Gul ne kaɗai har yanzu in an ambata sai jijiyar wuyansa ta miƙe.

Mako guda kafin gasa aka auna bindigogi. Ta Sabz Ali ta ɗaga kilo lafiya. A gwajin ranar ya ci maki ɗari biyu da saba'in cikin ɗari uku, labari kuwa ya riga shi isowa Darra.

Ana jibi gasa, da hantsi, Tor Gul ya zagayo bango ya yi sallama a ƙofar shagon Sabz Ali. Shekara goma sha huɗu ƙafarsa ba ta taka wurin ba. Ya zaɓi lokacin da akwai mutane, maƙera biyu na layi da wani baƙo mai saye. Baƙo a shagonka ba a korarsa, ko da maƙiyi ne, dole aka zuba masa koren shayi.

"Na ji an ce ka yi abin mamaki, Yaya. A nuna mana mana, mu ma mu ƙaru."

A gaban mutane ba yadda za a hana maƙeri ganin aiki. Sabz Ali ya cire harsasai ya miƙa. Tor Gul ya juya ta, ya yaba ƙarfen, ya yaba ƙotar. Sannan ya rufe ido, yadda kakansu ke yi, ya ɗora yatsa. Ya yamutse fuska, ya ciji leɓe, har da ɗan nishi, kafin ta ce ƙyas. Ya buɗe ido ya ajiye bindigar a ƙasa, ba a kan benci ba, ya ɗauki shayinsa.

Maƙeran nan biyu sun san ma'anar wannan. Suka sunkuyar da kai.

"Kunama ce wannan ko guga ake ja daga rijiya?"

"Doka ce," in ji Sabz Ali.

"Doka kilo ta ce, ba buhu ba. Tawa ma ta ɗaga kilo, amma ko jariri ya taɓa ta sai ta amsa. Ba komai. In ka ci, sai ka buga ƙahon Kaka a kan wannan. Shi dai ya riga ya kwanta, ba zai gani ba."

Ya shanye shayi, ya yi godiya, ya fita.

Sabz Ali bai yi aiki ba sauran ranar. Bayan la'asar ya zo gida da bindigar, ya shimfiɗa ƙyalle a tsakar gida, ya kwance ta. Ya ɗauko ɗan dutsen washi mai santsi wanda ya gada. Shaperai na tsince shinkafa.

"Ba an riga an auna ta ba?"

"Gyara ne kaɗan. Akwai sarari."

Ya shafa sau uku a kan ɗan haƙorin da ke riƙe kunama. Ya haɗa, ya rufe ido, ya gwada. Ya sake kwancewa ya ƙara biyu. Wannan karon fuskarsa ba ta motsa ba, Shaperai ta ce har wani haske ta gani a cikinta wanda rabonta da shi tun suna yara.

"Malam, mai sayar da gari bai rufe ba. Ka aro dutsen kilonsa ka rataya mata ka gani."

"In je in ari dutsen mai gari, gobe layi duka ya ji jikan Mirbaz na auna kunama kamar albasa? Yatsan nan ya fi sikelinsa gaskiya. Kilo ne da ɗan ɗoriya."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ranar gasa mutum ashirin da shida suka tsaya a layi. Rabin maƙeran Darra sun cika mota biyu sun zo kallo, Haji Zarin na kan kujera a inuwa da sandarsa. Tor Gul na mutum biyu daga hagun Sabz Ali, kuma duk lokacin da Sabz Ali ya ɗaga hannu sai tari ya kama shi. Harbi na sha ɗaya tarin ya yi aiki, harsashi ya faɗa da'irar maki bakwai. Waɗanda suka san Sabz Ali suka ce shi ke nan, yanzu zai zazzage sauran a fusace. Sai suka ga ya sauke bindiga a tebur, ya tsaya yana kallon ƙasa, leɓensa na motsi. Ya ɗaga, ya saki rabin numfashi. Goma. Daga nan Tor Gul ya yi ta tari har maƙogwaronsa ya bushe da gaske, nasa hannun ya fara zuba.

Da aka haɗa maki, Tor Gul ya zo na tara da maki ɗari biyu da hamsin da takwas. Sabz Ali ɗari biyu da saba'in da ɗaya, na uku. Wanda ya zo na huɗu maki ɗaya ne tsakaninsu, kuma da sun yi kunnen doki shi doka za ta ba na uku. Da harsashi ɗaya ya kauce da faɗin gashi, da Sabz Ali ya zo na huɗu, ba mai sake taɓa bindigarsa, ya koma gida da hatimi. Amma Allah ya rubuta na uku.

Saje Niamat ya kira mutum ukun farko gaban tebur. Ta ɗaya ta ɗaga kilo, ta biyu ta ɗaga. Ya karɓi ta Sabz Ali, ya ɗaga bakinta sama, ya rataya ƙugiya, ya fara ɗagawa a hankali. Ƙarfen ya ɗan motsa a tebur. Ƙyas.

"Sau uku ake gwadawa," in ji Saje, ba tare da ya dubi kowa ba.

Na biyu ƙarfen ya bar tebur da kaurin takarda kafin ta saki. Na uku Saje ya goge hannunsa a riga, ya ɗaga a hankali yadda ake ɗaga jariri mai barci. Ƙyas.

"Ustaz, ka taɓa ta bayan awo?"

"Sau biyar, da dutse."

Saje ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kan sunan. Ya rage murya.

"Makon jiya da mai nauyin ka ci ɗari biyu da saba'in. Maki ɗaya ta ƙara maka, shi ne kuma ya kawo ka teburin nan."

Tor Gul ya matso, hannu a ƙirji.

"Kash, Yaya. Ni fa cewa kawai na yi ta yi nauyi. Ban ce ka taɓa ba."

Bindigar ta riga ta koma hannun Sabz Ali, harsasai na aljihun rigarsa, kuma ba wanda ke wurin da bai san an yi jana'iza a ƙasar nan a kan maganar da ba ta kai wannan ba. Haji Zarin ya yunƙura zai tashi. Aka ga jijiyar wuyan Sabz Ali ta miƙe, yatsansa ya sami wurinsa. Ya ja numfashi. Ya saki rabi. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke bindigar a kan tebur, bakinta na kallon takardu, ya ɗauke hannunsa.

"Ban ce ka ce ba," ya ce.

Da yamma a zaure wasu dattawa suka so su gyara. Suka ce kowa ya ga wanda ya fi harbi, a duba. Haji Zarin ya juya wajen Sabz Ali.

"Kai me ka ce?"

"Takarda ka ce, Baffa. Sunana ba ya takarda. Ka ba shi."

Tor Gul ya karɓi hatimi da hannu biyu, ya sumbace shi. Tun daga ranar duk bindigar da ya gama sai ya jingina aikin da bangon tsakiya kafin ya buga ƙahon rago, yadda ƙarar za ta zubo da ƙasa a kan bencin Sabz Ali.

Shekara goma sha ɗaya Sabz Ali ya yi bayan wannan. Washegarin gasa ya je wajen mai sayar da gari da rana tsaka, kowa na gani, ya sayi dutsen kilo, ya ƙera masa ƙugiya, ya rataye shi a ƙusa a ƙofar shago. Layi ya yi masa dariya wata guda, ana tambayarsa nawa ne kilon albasa. Bai sake gwada bindiga a sama ba, sai ya kai ta bayan dutse ya kafa takarda. Duk Asabar yana Kohat. Ya ci na biyu sau ɗaya, na uku sau biyu, ya kawo kofuna Shaperai ta zuba maɓallai a ciki. Bindigoginsa suka ci gaba da fita babu alamar kowa a jikinsu. Bai sake neman hatimi ba, bai kuma sake yi wa Tor Gul magana ba. A jana'izar Haji Zarin ɗaya ya tsaya a wannan ƙarshen sahu, ɗaya a wancan. Limami ya yi musu wa'azin zumunci har sau uku, kowannensu ya ce to.

Zazzaɓin kwana shida ya ɗauke Sabz Ali. Ranar uku Tor Gul ya zo gaisuwa, gemun ya yi fari a ƙarƙashin lallen. Ya yi addu'a tare da mutane. Bindigar Sabz Ali ta ƙarshe na rataye a bangon zaure, sai ya miƙa hannu ya sauko da ita, ya duba babu harsashi, ya rufe ido ya matsa.

"Allah ya jiƙan Yaya," ya ce. "Har yanzu da nauyi."

Maganar ta shiga cikin gida kafin ya mayar da bindigar ƙusa. Shaperai na zaune cikin mata. Ta tashi ta haɗa tire da hannunta, ta ce a kai wa ɗan baffan Malam shi kaɗai. Da aka ajiye a gabansa, ga butar shayi, ga kofi, a wurin da ake sa sukari kuma ga dutsen kilo da ƙugiyarsa. Tor Gul ya dube shi, ya dubi mutane. Ya nemi takalmansa. Shayin ya huce a nan ba wanda ya taɓa.